Ranar da Na Ji Zuciyar Saniya

Ku da kuka saba bibiyata, da ku da yau ne kuka faɗo shafin nan, ku gyara zama. Yau ranar wanka ce, ba zan ɓoye cibi ba.

Ni ce yarinyar nan da tun tana shekara tara ta ɗaure wa kaza karaya da tsinken tsintsiya, ta ce ita likitar dabbobi za ta zama. A gida Uwar Maguna ake ce mini, saboda maguna huɗun da na tsinto ɗaya bayan ɗaya. Yanzu shekarata ashirin da ɗaya, kuma abu guda ne ya gitta tsakanina da makarantar likitan dabbobi: kemistiri.

Maki hamsin ake nema. Zaman farko na ci talatin da takwas, na biyu arba'in da huɗu. A na uku na bar kallo, na bar hira, na manna teburin sinadarai a bangon ɗakina har ina ganinsa a mafarki. Ranar Litinin sakamako ya fito. Bayoloji saba'in da ɗaya, fizis hamsin da biyar, kemistiri arba'in da bakwai. Maki uku fa, jama'a. Da talatin na ci da na san ni daƙiƙiya ce na huta, amma maki uku sun fi talatin ciwo. Na shige banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni, na yi kuka har kaina ya sara.

Fom ɗin sake zama yana ƙarƙashin katifata. Ranar Juma'a za a rufe karɓa, kuma ba a karɓarsa sai da sa hannun uba.

Umma ba ta ɓoye nata ra'ayin ba. "Ko makaho ne ya faɗa rami ɗaya sau uku, ai ya sake hanya," ta ce tana ninke kayan wanki. "Sa'o'inki na asibitin mutane da farar riga, ke kin nace sai kin tura hannu a bayan akuya. Ga yaro mai hankali yana jiranki wata takwas. Me kike nema ne?"

Abba kuwa mai gyaran agogo ne, kuma aikin ya bi shi har gida: a rana bai fi ya yi magana goma ba. Ya karɓi takardar sakamakon, ya ɗaga gilashinsa ya duba, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Yaron mai hankalin da Umma ke nufi shi ne Mai Farin Takalmi. Zanen gidaje yake yi, kuma tunda na san shi ban taɓa ganin ɗigon ƙura a takalminsa ba. Tsoron maguna yake kamar me, in ya zo sai an kulle su a bayan gida. Sau biyu yana neman in ba shi izini ya turo manyansa, sau biyu ina cewa ya bari sakamako ya fito.

To ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar Laraba na ɗauki waya na rubuta masa: "Ka turo manyanka. Na haƙura da karatun." Ban tura ba, na bar shi a rubuce, na ce gobe in ya zo zan faɗa masa da bakina. Ina son sa, wannan ba ƙarya. Amma wancan saƙon ba so ne ya rubuta shi ba, tsoro ne. Wurin ɓuya nake nema, na ga gidan ɗan mutane ya fi kusa.

Ranar Alhamis tun azahar Umma ta sauya rigunan kujeru, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai an yi baƙi. Ni kuma na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, da mayafi mai santsi, da takalmi mai tsini wanda ke cin ɗan yatsana. Umma da kanta ta sa mini 'yan kunnenta, ta fesa mini turarenta har sau huɗu. Ta dube ni ta ce, "Yauwa, yau kin fito a mutum."

Ƙarfe huɗu daidai ya yi sallama. Ya zauna a bakin kujera, ya leƙa ƙarƙashinta tukuna ko da mage.

"Ranki ya daɗe, likita," ya ce, don haka yake tsokanata.

"Ka daina kira na da sunan nan."

"Me ya faru da sunan?"

Na buɗe baki zan faɗa ke nan, wayata ta ɗauki ƙara. Likita ce, ta gasken. Tsohuwa ce doguwa, mai ɗan asibitin dabbobi a bayan layinmu, inda nake zuwa duk Asabar in share, in wanke kwanoni, in riƙe mata karnuka da tumaki. Makullin wurin ɗaya yana hannuna.

Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. "'Yar nan, kina ina? Je ki buɗe kabad ta biyu, ki ɗauko kwalba biyu masu jan murfi, da robar ƙarin ruwa, da babbar allura. Ina gonar madara ta bayan gada. Saniya ta kwanta, maganin da na zo da shi ya ƙare. Ki sa kwalaben a jikinki su yi ɗumi kafin ki iso. Kada ki wuce rabin awa."

Ta kashe. Na dubi rigata, na dubi takalmina, na dubi baƙona.

"Tashi mu je," ya ce, ya riga ya zaro makullin mota.

Umma ta biyo mu har ƙofa da tiren lemo a hannu. "Ina kuma za ku? A wannan rigar? Ke Uwar Maguna, wallahi ki kiyaye ni." Na ce yanzu za mu dawo, ban yarda mun haɗa ido ba.

A mota na cusa kwalba ɗaya ƙarƙashin mayafi na manna ta a cikina, na miƙa masa ɗayar.

"In yi yaya da ita?"

"Sa ta cikin riga, a hammata. In aka zuba maganin da sanyi jikin saniyar ba zai so ba."

Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya ɓalle maɓalli biyu ya tura ta. Haka ya yi tuƙin da hannu ɗaya a manne kamar mai ciwon kafaɗa. Na karanta jikin tawa kwalbar don in daina dariya, sai dariyar ta tsaya da kanta. Kalsiyam. Abokin gabana, lamba ashirin a teburin da ke bangon ɗakina, mai ƙananan alamun tarawa biyu a ka. A jarrabawar da ta wuce tambaya guda aka yi a kansa, mai maki biyar, na kuwa rikice na rubuta shirme.

Rumfar shanun doguwa ce mai rufin kwano, ƙasa jiƙe da fitsari da ruwan wanki. A can ƙarshe muka same su. Saniya ce baƙa da fari, ƙatuwa, kwance a kan ƙirjinta, ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a haƙarƙari kamar mai jin kunya. Ɗan maraƙinta na kwana ɗaya yana gefe yana rawar ƙafa. Mai gonar, dattijo mai furfura, yana tsugunne a kanta, wuƙa a ajiye kusa da gwiwarsa.

"Baba, mayar da wuƙar nan inda ka ɗauko ta," in ji Likita. "Ban ce ka yanka ba tukuna." Ta juyo ta ƙare mini kallo daga ɗan kunne har tsinin takalmi. "Amarya aka aiko mini? Cire wannan abin kafin ki karye. Taɓa kunnenta."

Na tuɓe takalmin na taka ƙasar da ƙafata. Kunnen saniyar sanyi ƙalau, hancinta a bushe, idonta a buɗe amma ba kowa a ciki.

"Jiya ta haihu," Likita ta ce tana haɗa roba da kwalba. "Nono ya zo da ƙarfi, ya kwashe kalsiyam ɗin jininta kaf. In babu shi tsoka ba ta motsi, hanji ba ya motsi, zuciya ma da ƙyar. Za mu mayar mata ta jijiya. Amma abin da zai tashe ta shi ne zai kashe ta in ya shiga da sauri." Ta nuna Mai Farin Takalmi da haɓa. "Kai, dogo, riƙe kwalbar nan. In ka ɗaga sama ruwan zai gudu, in ka sauke zai tsaya. Abin da yarinyar nan ta ce maka shi za ka yi."

"Ni?" na ce.

Ta ciro abin sauraren ƙirji daga wuyanta ta rataya a nawa, ta matso daf da ni ta rage murya. "Kunnena na hagu ya yi ritaya tun bara, na dama ma yana haɗa kayansa. Ban gaya wa kowa ba. Ni zan riƙe allura a wuya, ke ki saurari zuciya. In kin ji ta canja taki, ki yi magana. Kada ki jira ki tabbata."

 Ni da na kasa kawo maki uku, ni za a ɗora wa ran saniyar mutane? Na so in ce mata ba ta san sakamakona ba ne. Amma ta riga ta danne jijiyar wuya da babban yatsa, ta soka allura, jini ya ɓullo, ta haɗa roba. Na durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan da rigata ruwan zuma, na tura abin sauraren bayan gwiwar ƙafar saniyar ta gaba.

Da farko ban ji komai ba sai tawa zuciyar. Na rufe ido. Can na jiyo ta saniyar, nesa, siririya, tana sauri kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da farce.

"Ɗaga," in ji Likita. Ya ɗaga.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya biyo baya ba, amma zan gwada. Ruwan nan fari ƙal, wanda ba shi da maraba da ruwan famfo a ido, yana gangarowa ta roba, ni kuma ina jin aikinsa da kunnena. Bugun da ke nesa ya fara matsowa. Ya rage sauri. Ya yi kauri. Wanda ke ƙwanƙwasawa da farce ya koma bugawa da tafin hannu, har ina jin sa a haƙorana. Tsigar jikina ta tashi. Shekara uku ina haddace abin nan a takarda, ina zaginsa, ina ɗaukarsa haruffa biyu da aka ƙirƙiro don a hana ni abin da nake so. Ashe shi ne ke riƙe da ƙofar kowace zuciya, har da wadda ke bugawa a ƙirjina. Na ce Subhanallahi a hankali, hawaye na zubo mini ban san lokacin da suka fara ba.

Sai zuciyar saniyar ta yi tuntuɓe. Bugu biyu, shiru, bugu ɗaya, shiru mai tsawo.

"Sauke!"

Ya sauke kwalbar har ƙasa, shi ma ya durƙusa da ita. Likita ta kafe ni da ido. Mai gonar ya kai hannu wajen da wuƙar take dā. Na danne abin sauraren har yatsuna suka yi fari, ina ƙirga shirun. Ɗaya. Biyu. Ta buga. Ta sake bugawa. Ta yi ɗingishi kaɗan, sannan ta kama takinta, daidai, daidai, daidai.

"Ta dawo," na ce. "Ɗaga, amma iya ƙirjinka. Kada ka wuce."

"To, likita," ya ce, kuma wannan karon ba tsokana a ciki.

Mun fi minti ashirin kafin kwalbar ta ƙare. Ta biyun Likita ta raba ta ƙarƙashin fata. Muka ja baya muka tsaya. Fatar saniyar ta fara karkarwa daga kafaɗa zuwa cinya. Ƙananan ɗigon gumi suka fito a hancin da yake a bushe. Ta ɗago kai, ta yi wata doguwar gyatsa da ta cika rumfar da wari, Likita ta yi murmushi kamar an yi mata albishir. Sai ta ɗaga wutsiya ta saki kashi, kuma wallahi ba wani wuri ya sauka ba sai kan farin takalmin nan. Mai shi bai ko duba ƙasa ba, bakinsa a buɗe yana kallon ta.

Mai gonar ya kama igiya zai ja. "Bar ta," in ji Likita. "Ba a jan wanda zai tashi. Kawo mata ɗanta gabanta."

Aka kawo maraƙin. Ta shinshine shi, ta yi wani ƙaramin kuka daga can cikin ƙirji. Ta yunƙura ta koma. Ta huta. Ta sake yunƙurawa, ƙafafun baya suka miƙe, na gaba suka ƙi, ta sake zubewa. A na uku ma haka. A na huɗu ta tsaya a kan gwiwoyi tana numfashi, ta tattaro duk abin da ke jikinta, sai ga ta tsaye, tana lilo kaɗan, tana lasar kan ɗanta. Dabbar da awa ɗaya da ta wuce ake wasa mata wuƙa. Dattijon ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na motsi.

A bakin famfo muna wanke hannu na ce, "Likita, ashe aikin nan kunne yake so, ba kemistiri ba."

Ta watsa mini harara. "Kunnenki ya ce a tsaya, na yarda, kuma kunne ne mai kyau. Wa ya gaya miki abin da za a zuba? Wa ya gaya miki nawa? Wa ya gaya miki dalilin da zai sa ya tsayar da zuciya? Kunne ba ilimi ai duba ne. Nawa kika ci?"

"Arba'in da bakwai."

"Kin faɗi."

"Na sani."

"To ki koma. Ni ba zan yi miki ƙarya in ce takarda banza ce ba. Kunnena saura kaɗan, ina so in bar wurin nan a hannun wadda ta san abin da ke cikin kwalba." Ta yarfe hannu ta yi gaba. Na miƙa mata abin saurarenta, ta ce in riƙe zuwa Asabar.

Muka kamo hanyar gida ni da Mai Farin Takalmi. Takalminsa na cikin leda a bayan mota, da safa yake taka birki. Sai da muka iso ƙofar gida ya ce, "Ɗazu kamar za ki gaya mini wani abu."

"Zan rubuto maka."

Umma na ganina ta dafe ƙirji. Rigar ta tashi daga ruwan zuma ta koma abin da ba shi da suna, ɗan kunne ɗaya ya ɓata, takalmi a hannu. "Shi ke nan, kin kore shi," ta ce. "Wa zai dawo gidan da aka kai shi cikin kashin shanu?" Na ba ta labarin saniyar a gurguje, na ba ta haƙuri a kan ɗan kunnen, na wuce ɗaki na ɗaga katifa.

Abba na zaune a baranda ya dawo daga shago, ya baje wani agogon hannu a kan farin ƙyalle yana neman hasken yamma. Na durƙusa a gefensa, da warina da komai, na ajiye fom ɗin. Bai ɗago ba.

"Saniyar ta tashi?"

"Ta tashi, Abba."

Ya ajiye ɗan hantsakinsa. Ya jawo gwangwanin da yake tara ƙananan kusoshi, ya ciro takardu uku a ninke, ya jera su a kan ƙyallen. Sakamakona ne, duka ukun. Ban taɓa sanin yana ajiye su ba. Ya bi su da yatsa: talatin da takwas, arba'in da huɗu, arba'in da bakwai.

"A shago," ya ce, "agogon da ya tsaya daban, wanda ke latti daban. Wannan bai tsaya ba." Ya miƙo hannu. "Ba ni biro."

Na ga sa hannun nan ta cikin hawaye. Daga ƙofar kicin Umma ta ja dogon tsaki, ta ce mu ƙarata can ni da ubana, amma ruwan wanka na kan wuta in na ga dama.

Da na fito wanka na zauna a bakin gado na buɗe waya. Saƙon Laraba yana nan yana jira na. Na goge shi harafi bayan harafi, na rubuta wani:

"Jiya na rubuta maka ka turo manyanka, ban tura ba. Ba don na shirya ba ne, don in ɓuya a bayanka ne, kuma ka fi ƙarfin haka a wurina. Gobe zan kai fom. In na ci, karatun shekara shida ne. In na faɗi, zan sake. Ban ce dole ka jira ba."

Na tura kafin zuciyata ta hana ni. Nan take ya nuna ya karanta. Ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, ya sake tsayawa.

Na sa abin sauraren Likita a kunne, na ɗora a ƙirjina. Zuciyata na sauri, amma takinta daidai ne. Wayar ta yi ƙara a kan katifa, amsarsa ta shigo. Na kife ta ban duba ba, na jawo littafin kemistiri, na buɗe shafin kalsiyam, lamba ashirin.